Bustanin Maiwada

A zamanin da fatake ke ɗora rinannun tufafin Maska a kan jakuna suna kaiwa Kano, akwai wani ƙauye a kan hanyar Bakori da ake kira Tudun Marke. Galibin mutanensa ba su da wata sana'a sai noman dawa da auduga. A cikinsu aka yi Maiwada.

Sau ɗaya tak Maiwada ya taɓa barin ƙasar Maska. Wani madugu ne mai korar jakunansa ya kwanta ciwo, sai madugun ya ɗauki Maiwada a madadinsa. Da suka isa Kano aka sa shi ya shigar da ƙunshin kaya gidan wani Balarabe ɗan kasuwa. Ya shiga, ya sauke, aka nuna masa ƙofa. Iyakar zamansa a gidan ke nan. Amma kafin ya fita, idonsa ya faɗa tsakar gida, ya ga shuke-shuke a jere, wani ja, wani fari, wani ruwan ɗorawa, ga ɗan tafki a tsakiya.

Ya tambayi mai tsaron ƙofa, “Malam, waɗannan miyar me ake yi da su?”

Mai tsaron ƙofa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba a ci, kallo ake yi, kuma sunan wurin bustani. Maiwada ya nace sai an ba shi iri. Don ya rabu da shi, mutumin ya leƙa madafa ya damƙo masa wasu 'ya'ya, ya ce sunansu karkade.

Kafin ayari ya dawo gida, labarin ya yi ƙiba. Ɗan lokacin sauke kaya ya zama wata uku. Balaraben ya zama amininsa, wanda ya yi kuka ranar rabuwa.

Ruwan farko na sauka, Maiwada ya tsaya a dandali inda maza ke hutawa, ya gyara murya.

“Ni tausayinku nake ji. Duk abin da kuka sa a ƙasa, sai ku ce a ci. Dawa a ci, wake a ci, kuɓewa a ci. To mene ne bambancinku da akuya? Bana zan nuna muku shukar manya. Bustani zan yi.”

Mati, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗaga kai ba ya ce, “In ba a ci, me ake yi da shi?”

“Kallo.”

“In an gama kallon fa?”

“Sai a sake kallo.”

“To tuwo fa, a ina yake shigowa?”

“Ka ji ko! Ana maganar bustani yana maganar tuwo. Mati, da ka taɓa wuce rafin garin nan da ba ka yi wannan tambaya ba.”

Wurin da ya zaɓa shi ne garkar matarsa Tasalla, a gefen gida. Kuɓewarta ta fara kunne, yakuwa ta tsiro, barkono ya kama. Tasalla ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta tarar an tuge komai an tara a bakin danga.

“Malam! Me nake gani haka?”

“Tarihi kike gani.”

“Miyar shekara ce ka tuge!”

“Miya kowace mace tana da ita. Bustani kuwa daga nan har Zazzau ke kaɗai ce za ki ce mijinki yana da shi.”

Ta sauke tulun a hankali, ta ce, “To, Allah ya sa ya yi daɗi da tuwo.”

Maiwada ya shuka irin Balarabe a tsakiyar fili, ya kewaye shi da ƙaya, ya hana kowa matsowa. Safe da yamma yana tsugune a kai. Kwana biyar ya tsiro. Da ya yi ganye huɗu, Maiwada ya kira mutane su zo su ga karkade. Aka taru, aka leƙa ta saman ƙaya.

Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifinsa, ta miƙa hannu ta tsinki ganye ɗaya ta tauna. Ta yamutsa fuska.

“Maiwada, yakuwa ce.”

“Gwaggo, karkade ne. Daga Masar aka kawo shi.”

“Ko daga Makka aka kawo ta, yakuwa ce. Shekara sittin ina miya da ita.”

Tasalla ta ce, “Wato ka tuge tawa, ka shuka ƙanwarta.”

Maiwada ya tsinki ganye shi ma ya tauna. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce, “Ta fi taku tsami. Wannan tsamin na Larabawa ne.”

Da wani ne, da ya ji kunya ya haƙura. Maiwada kuwa cewa ya yi irin bai samu abokan zama ba ne, shi ya sa ya rikiɗe. Ya ɗauki jaki da galma ya shiga daji neman fure.

Ranar farko ya dawo da wani kututture mai ƙaton ciki, ba ganye ba fure. Ya dasa shi a bakin ƙofa.

Mati ya leƙo ta kan katanga. “Wannan ai kariya ce.”

“Sunanta warda, furen Larabawa. In ta yi fure sai ka rufe ido.”

“Yanzu dai kariya ce. Ai duk filin ma ƙarya ce, ita kaɗai ta faɗi sunanta.”

Ranar biyu ya kwaso zaƙami daga kan juji, mai farin fure kamar bakin kakaki, ya raɗa masa suna Hasken Masar. Ranar uku ya kafa rumfa mai dirka shida, ya dasa karara a gindinta don ta hau. Ita kuma ta zama Labulen Sarkin Santambul.

“Maiwada,” in ji Mati, “karara fa? Karara da ko biri yake kauce mata?”

“A daji take ƙaiƙayi don ba ta samu tarbiyya ba. A bustani ladabi take koya.”

Sai maganar tafki. Maiwada ya ce bustanin da ba tafki kamar riga ce ba wuya. Ya kwana bakwai yana haƙa rami a gindin katangar Mati, ya je fadama ya ciro bado ya jefa a ciki. Ruwan sama ya cika ramin. Bado bai ce komai ba tukuna, amma kwaɗin ƙasar Maska kaf suka ji labari suka taho da iyalansu. Sauro ya biyo baya. Tun daga la'asar ba mai jin maganar ɗan'uwansa a unguwar.

Mati ya zo da idanu jajir. “Kwaɗinka sun hana mu sakat.”

“A gidan aminina tsuntsaye ne ke wannan aikin. Nan kuwa abin da ƙasa ta bayar shi ake ɗauka. Ka saurara da kyau, akwai tsari a kukan.”

Bayan kwana goma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, katangar Mati ta yi wata 'yar ƙara, ta durƙusa, ta kwanta cikin tafki. Matar Mati tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ga ta ga Maiwada ido da ido.

Maiwada ya dubi ɓaraguzan, ya gyaɗa kai. “Madalla. Yanzu kuna iya kallon bustani ba tare da kun zagayo ba. Ban ce ku biya komai ba.”

Mati ya juya. Ya shiga ɗaki ya zauna, don ya san in ya buɗe baki sai an yi shari'ar jini.

Ta wannan ɓaraka ne bunsurun Gwaggo Ladidi ya shigo, ya yi kalaci da Hasken Masar. Kafin azahar ya fara tafiya da baya. Ya hau turmi, ya sauko, ya yi karo da rumbu, sannan ya fita dandali ya hango mahaucin gari. Abin da ba a taɓa gani ba a Tudun Marke, ranar aka gani: mahauci a gaba da wuƙa a hannu yana ihu, bunsuru a baya. Sai da suka zagaya masallaci sau uku kafin maza huɗu suka danne dabbar.

Gwaggo ta zo da sanda. “Ka haukata mini bunsuru!”

“Gwaggo, bai saba cin abin manya ba ne. Ki dubi yadda ya samu ƙarfin zuciya.”

Ta ba shi sanda biyu a gadon baya, ta ce ta uku tana ajiye har ranar da dabbar ta mutu.

Duk wannan da an yafe masa. Abin da ya tayar da hankalin gari shi ne ƙuduji.

Wata rana Maiwada ya bi ta wata tsohuwar gona da aka bari, ya ga ta rufe da fure ja-ja mai ɗaukar ido, daga wannan kunya har waccan. Ya tsaya baki buɗe. Ba manomin da bai san ƙuduji ba: shi ne ciyawar da ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta har ta bushe a tsaye, in kuma ya zuba 'ya'ya a gona sai a shekara goma ana fama. Maiwada ma ya san shi. Amma ranar da idon bustani ya dube shi.

Ya ciro dami guda ya dasa. Washegari duk suka yi yaushi. Ya sake cirowa, suka sake mutuwa. Manu, wani makiyayi da ke kiwo a gefen gonar, ya gaji da kallonsa ya ce, “Malam, wannan ba ya rayuwa shi kaɗai. Sai a gindin dawa. Ita ke noma, shi ke ci.”

Idon Maiwada ya yi haske. “Allahu akbar! Ka ga basarake! Shukar da ba ta aiki sai an ba ta bawa! Wannan ai Gimbiyar Tarabulus ce.”

Ya yi mangala ashirin na ƙasar tsohuwar gonar, ya zube a bustani, ya shuka dawa a kai. Dawa ta taso, ta kai gwiwa, ta tsaya cak ta yi rawaya. Ƙuduji kuwa ya fito kamar an kira shi biki. A bayan dangar bustani kuma gonar Mati ce, mai dawa kore shar, sai ta liman, sai ta mai gari.

Mati ya zo, wannan karon da roƙo. “Maiwada, don girman Allah ka tuge shi kafin ya yi 'ya'ya. Iska ɗaya za ta kai shi gonata. Bakin mutum tara nake ciyarwa da gonar nan.”

“Kwantar da hankalinka. Ba sai iska ta wahala ba. In ya nuna zan tara irin, in raba wa kowane gida kyauta. Baɗi war haka duk Tudun Marke ja za ta yi.”

Daga nan Mati bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar mai gari Sada. Mai gari, dattijo mai raunin ido da son a bi komai daki-daki, ya saurara, ya aika wa Maiwada cewa ranar Alhamis bayan la'asar zai zo da dattawa ya ga abin da idonsa.

Maiwada ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai. “Tasalla, labari ya kai sama. Mai gari da kansa zai kawo ziyara.”

“Ƙararka aka kai, Malam.”

“Ku mata ba ku san zancen manya ba. Ba a cewa ‘ina so in ga fure’ kai tsaye. Sai an sakaya.”

“To wannan susar da kake yi kwana huɗu fa? Ka dubi hannunka.”

“Sauyin ruwa ne.”

A lokacin, kaka ta kawo kai. Karara ta rufe rumfa ruf, furenta ya zube, ta yi kwanso bila adadin, kowane da gashinsa mai ruwan ƙasa. Maiwada ya ce labule ba a ganinsa sai an yaye. Ya ɗaura tsofaffin tabarmi a ƙarƙashin rufin da gefuna suka ɓoye ganyen, ya haɗa su da igiya ɗaya, ya saki bakin igiyar a jikin dirka. Ya share ƙasa, ya shimfiɗa buzu. Ya zaga gida-gida yana gayya, har masu wucewa zuwa kasuwar Bakori sai da ya tare.

Ranar Alhamis gari ya taru. Mai gari ya iso da liman da dattawa biyar. Maiwada, cikin aron babbar riga, ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, bustani na maraba. Ga wurin zama.”

Mati ya yi tsalle ya sha gaba. “Ranka ya daɗe, rumfar nan...”

“Mati, kai ne mai ƙara. Za a zo kanka.”

“Allah ya ba ka nasara, abin da ke saman...”

“Na ce za a zo kanka. Ba a fara shari'a a tsaye.”

Mai gari ya shiga ya zauna. Dattawan da suka san abin da ke sama suka dubi juna, amma ba mai iya tsayawa a rana alhali mai gari na inuwa. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na maƙale wuya cikin riga. Mati ya ja da baya taku ashirin. Tasalla ta shige ɗaki ta saki asabari.

Maiwada ya fara bayani da sanda a hannu. “Wannan warda ce. Ba ta yi fure ba tukuna, tana nazari. Wannan karkade ne.”

“Yakuwa,” in ji Gwaggo daga cikin taro.

“Wannan Hasken Masar, abin da bunsuru ya rage. Wannan kuma Gimbiyar Tarabulus.”

Mai gari ya ƙanƙance ido, ya sa aka tsinko masa reshe, ya kai shi dab da hanci. Fuskarsa ta sauya. “Maiwada, ƙuduji ne wannan? Ƙuduji ka yi wa taki? A bayan gonata?”

Maiwada ya ga magana za ta karkace, ya ce a ransa lokacin babban abu ya yi. “Ranka ya daɗe, kafin a yanke hukunci a ga na ƙarshe. A gidan aminina, in babban baƙo ya zo, fure ake zuba masa a ka. Jama'a, ga Labulen Sarkin Santambul!”

Ya finciki igiya. Tabarmi suka zube. Da ya ga ba abin da ya faɗo sai ƙura, ya rungumi dirka ya girgiza rumfar da iyakar ƙarfinsa.

Wani abu mai laushi kamar gari ya sauko a hankali cikin hasken yamma. Ya sauka a rawani, ya sauka a gemu, ya bi wuyan riga ya gangara.

Liman ya sosa ƙeya da yatsa ɗaya, cikin natsuwa. Wani dattijo ya motsa kafaɗa. Mai gari ya buɗe baki zai yi magana, sai hannunsa ya tafi hammata ba da izininsa ba.

“Innalillahi! Karara!”

Rumfa ta fashe. Dattawan da ba a taɓa ganin sun yi sauri ba suka fito kamar an saki 'yan maruƙa. Wani ya tuɓe riga ya jefar, wani ya manna baya da kututturen kariya yana gogawa, wani ya kwanta cikin ƙuduji yana birgima. Iska ta kwashi saura ta watsa wa 'yan kallo, masu zuwa kasuwar Bakori suka zubar da kaya suka shiga susa. Maiwada, da ya fi kowa kwasa, yana tsalle yana ihu, “Kada ku sosa! Haka yake da farko! Ƙamshin na tafe!”

Mai gari bai tsaya neman shawara ba. Ya hangi ruwa, ya nufe shi, ya faɗa tafki da rawani da komai. Kwaɗi suka watse. Liman ya bi shi. Kafin a ce haka, manyan Tudun Marke bakwai suna cikin ramin Maiwada har wuya, suna shafa taɓo a fuska.

Daga nan aka yi shari'ar. Mai gari, da ganyen bado a kafaɗa, ya ce, “Mati, matso. An zo kanka.”

Mati ya matso, yana cije leɓe. “Ranka ya daɗe, dama cewa zan yi karara ce a saman rumfar.”

“Na gane. Akwai saura?”

“Babu, ranka ya daɗe. Sauran duk ka gani.”

Mai gari ya juya ga Maiwada, wanda ke goga baya da dirka. Ya ce kafin rana ta faɗi a tuge ƙudujin nan a ƙona, a haɗa da rumfar da zaƙamin. Maiwada zai ta da katangar Mati da hannunsa, zai cike ramin nan, “amma sai mun fita.” Zai mayar wa Tasalla garkarta. Sannan shekara uku, duk gonar da ƙuduji ya leƙo a ƙasar Tudun Marke, Maiwada za a kira ya tuge.

“Ranka ya daɗe,” in ji Maiwada yana susa, “a bar mini ko reshe ɗaya na iri.”

Mai gari ya laluba cikin ruwa, ya damƙo taɓo cike da hannu, ya jefa. Duk raunin idonsa, bai kuskure ba.

Da damina ta zagayo, wani baƙo mai jaki ya biyo hanyar Bakori da rana tsaka. Ya ga mutum duƙe a cikin dawa, gumi na zuba, da dami na jan fure a bayansa. Ya yi sallama ya nemi ruwa, ya ce, “Sannu da aiki, Malam. Gonarka ce?”

Maiwada ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu, ya nuna gabas da yamma da hannu.

“Wannan, da waccan, da ta liman, har ta mai gari, duk a hannuna suke. Kai baƙo ne, shi ya sa. A ƙasar nan kaf, fure ba ya isa ya buɗe ido sai an aiko an sanar da ni.”

Daga can ƙarshen kunya Mati ya ɗaga murya. “Maiwada! Ga wani nan ka tsallake!”

Maiwada ya dubi baƙon, ya gyaɗa kai. “Ka ji ko? Ko hutawa ba sa bari in yi.”